Yadda na bi diddigin gidan Berkeley har takarda ta ƙare

Abin kamar wasa ya faro. A Bristol nake zaune da iyalina, to wata ranar Lahadi a lokacin zafinsu yara suka dame mu sai an fita, mamansu ta ce akwai wani tsohon gidan sarauta mai ganuwa a hanyar Gloucester, ba nisa, mu kai su su ga kayan tarihi ko sa huta da kallon waya. Sunan wurin a rubuce Berkeley, amma masu garin Bakli suke cewa, kar ka tambaye ni dalili. A zagayen da ake yi da baƙi ne mai yi mana bayani ta ce dangi ɗaya ke riƙe da gidan nan tun wajen 1153 har yau, kuma asalinsu ya girmi zuwan mutanen Normandi na arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa murmushi na yi irin na wanda ya sha jin wannan waƙar, don a wajenmu duk gidan da ya samu sarauta ko dukiya sai ka ji kakansu daga gabas ya taso, in ka ce a nuna maka shaida kuma a ce ba ka da kunya. A mota na ce wa maman yara wallahi sai na bincika maganar nan. Ta ce, "Malam, kai da ba ka san sunan kakan kakanka ba, salsalar Turawa za ka bi?" Na yi shiru don ta fi ni gaskiya, amma dai abin ya riga ya shiga raina.

Kuskuren farko daren nan na yi shi. Na buɗe kwamfuta na faɗa shafukan nan da mutane ke zuba bishiyar danginsu, na fara daga sama maimakon daga ƙasa, kafin ƙarfe ɗaya na dare har na kai su ga sarkin Denmak, wani bawan Allah ma ya zarce da su har Annabi Adamu, suna bayan suna ba tsallake. Sai da na nutsu na ga a wata bishiyar an haifi ɗa kafin ubansa, kuma kuskuren nan shi ne dai a bishiyoyi barkatai, harafi da harafi. Ashe mutum ɗaya ne ya rubuta, sauran duk kwafa suka yi. Yawansu bai ƙara komai ba.

Abin da ya kusa rufe min ido shi ne dutse. A College Green, jikin babban laburaren Bristol, akwai wata tsohuwar ƙofa ta dutse da na sha wucewa ta ƙarƙashinta ban taɓa ɗaga kai ba, ƙofar gidan 'yan zuhudu na St Augustine ce, wanda yanzu shi ne babban cocin garin. A samanta an sassaƙa rubutu da Latin, ma'anarsa Sarki Henry na biyu da Robert ɗan Harding ɗan sarkin Denmak su ne suka kafa wannan gidan ibada. Robert ɗin nan kuwa shi ne kakan 'yan Berkeley. Na ɗauki hoto ina murna, na ce magana ta ƙare, abin da aka sassaƙa a dutse ai ba a musunsa. Na shiga laburaren na nuna wa wani dattijo ɗan fansho da ke yawan zama a sashen tarihin gari, mun saba gaisawa. Ya duba hoton ya yi dariya, ya ce tambaya ɗaya zai yi min, yaushe aka yi rubutun? Robert ya rasu a 1171, saman ƙofar kuwa sai wajen 1500 aka gina shi, tsakani ya haura shekara 300. A daidai lokacin ne kuma shugaban gidan zuhudun, John Newland, wanda ya riƙe wurin daga 1481 zuwa 1515, ya tsara salsalar gidan Berkeley da irin wannan magana. Su waye ke ciyar da gidan zuhudun, su waye ake binnewa a cikinsa? 'Yan Berkeley. Nan na gane, ai maroƙi ba ya cewa ubangidansa jikan ɗan kasuwa ne.

Dattijon nan shi ya ɗora ni a hanya. Ya ce ka fara daga wanda ka tabbatar, ka riƙa komawa baya mutum ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane "wane ɗan wane" sai ka samo masa takardar da aka rubuta a zamaninsu, in da hali wadda mai rubuta ta ba abin da zai ci in ya yi ƙarya. Na sayi littafin rubutu mai kauri na kafa wa kaina doka, duk mahaɗin da na ga takardarsa da biro zan rubuta, wanda kuwa hasashe ne da fensir.

Ɓangaren baya-bayan nan na ɗauka zai zo da sauƙi, don Ingila ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a 1837, ƙidayar jama'a mai sunaye ta fara a 1841, rajistar coci kuwa tun 1538 aka ba da umarninta. To tun a nan na fara tuntuɓe. Mai riƙe da babbar sarautar gidan na ƙarshe ya rasu a 1942 bai bar ɗa ba, gidan ya koma hannun wani reshe na dangin da ke Spetchley a yankin Worcester, su kuma sai ka koma ƙarni na 15 kafin ka ga inda suka rabu da babban reshen. Ke nan "dangi ɗaya" gaskiya ne, amma ba miƙaƙƙen layi ba ne daga uba zuwa ɗa kamar yadda kunne ke ji. Reshen Spetchley ɗin ma da kuɗin sana'ar ulu da tufafi suka sayi gidansu a farkon ƙarni na 17.

Sannan ga shari'ar 1811 wadda ta sa na daina yi wa rajista kallon abin da ba ya kuskure. Mai gidan na lokacin ya haihu da wata mata mai suna Mary Cole, 'yar mahauci daga wajen Gloucester, 'ya'ya da dama kafin su ɗaura auren da kowa ya sani a 1796. Don manyan 'ya'yan su gaji sarauta sai aka ce ai an riga an ɗaura aure a ɓoye tun 1785, aka kawo shaidar rajista. Majalisar dattawan sarauta ta Ingila ta zauna ta saurari shaidu ta ƙi amincewa da auren farkon. Babban ɗan ya samu gidan da filayen ta hanyar wasiyya, amma sarautar ba ta faɗa masa ba. Kun ga ke nan ko takarda sai ka tambayi wa ya rubuta ta kuma me yake nema.

Daga nan na faɗa hannun wani mutum da ya rasu kusan shekara 400 da suka wuce amma ya rage min wahala fiye da kowa, John Smyth na Nibley, wakilin gidan mai kula da filayensu da shari'o'insu a ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17. Shekaru ya kwashe yana tonon akwatunan takardun gidan ya rubuta tarihin iyayen gidansa ɗaya bayan ɗaya, aka buga aikin a shekarun 1880, akwai shi a laburare. Abin da ya burge ni har laƙabi ya ba su kamar Bahaushe, akwai Maurice Mai Sulhu, akwai Thomas Mai Dukiya, akwai William wanda laƙabinsa in ka mayar da shi Hausa Ɓarnatau ne. Amma shi ma yaron gida ne, don haka na riƙe shi a matsayin ɗan jagora, ya nuna min inda takarda take, ni kuma in je in duba.

Ɓarnatau ɗin nan sai na tsaya a kansa, don labarinsa ne ya fi ba ni dariya da haushi. Shi ne babban ɗan James wanda ya rasu a 1463, wannan James ɗin kuma shi ne kakan reshen Spetchley ta wajen wani ƙaramin ɗansa. William bai bar magaji ba, kuma maimakon ya bar wa ƙanensa Maurice gidan sai ya rubuta wa Sarki Henry na bakwai da 'ya'yansa maza, ya rasu a 1492, gidan ya zauna a hannun sarakuna har 1553 da Edward na shida ya rasu ba ɗa, sannan ya dawo wa masu shi. Dalilin da aka fi faɗa shi ne wai Maurice ya zubar musu da girma da ya auri 'yar wani attajirin Bristol. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Rigimar da ta fi kowace samar da takardu kuwa a 1417 ta tashi. Thomas mai gidan ya rasu ya bar 'ya mace guda ɗaya, Elizabeth, matar Richard Beauchamp mai sarautar Warwick, ga kuma ɗan ƙanensa James. Tun a 1349, shekarar da annoba ke cin Ingila, kakan Thomas ɗin ya ɗaure gidan da manyan filayen a kotu cewa maza kawai za su gada. Ɓangaren 'yar suka ce ba su yarda ba, aka shiga shari'a da kame da kwace, jikoki suka gada, tattaɓa kunne suka gada, ba a rufe maganar ba sai 1609, kusan shekara 200 ke nan. A tsakiyar rigimar har yaƙi aka gwabza a Nibley Green tsakanin William Ɓarnatau da Thomas Talbot mai sarautar Lisle na ɓangaren 'yar, aka harbi Talbot da kibiya ya mutu, kuma shi ake lissafawa yaƙi na ƙarshe a Ingila tsakanin dakarun gidaje biyu na ƙashin kansu. A nan na ɓata kwana biyu a banza, don wani littafi ya ce 1469 wani ya ce 1470, na ɗauka ɗaya ne ya yi kuskure. Ashe duk sun yi daidai. Ranar 20 ga Maris aka yi yaƙin, su kuma kafin 1752 sabuwar shekararsu ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka a lissafinsu 1469 ba ta ƙare ba, a namu kuwa an shiga 1470. Tun daga ranar duk kwanan watan da ya faɗo tsakanin Janairu da ƙarshen Maris sai na duba shi sau biyu.

Ganin asalin takardun ne ya kai ni Landan, ma'adanar takardun ƙasa da ke Kew. Na ɗauki hutun kwana ɗaya a wurin aiki, na bi jirgin safe zuwa Paddington, na shiga na ƙarƙashin ƙasa zuwa Kew Gardens. Shiga kyauta ne, amma sai ka yi katin mai karatu, ka nuna shaidar ko kai waye da shaidar adireshinka, ka bar jaka a loka, kuma biro ba ya shiga ɗakin karatu sai fensir, don haka ranar dokata ta biro sai da ta jira na dawo gida. Abin da na je nema shi ne takardun binciken gado, waɗanda a ganina su ne ƙashin bayan duk wannan aikin. Ga yadda abin yake, a wancan zamanin duk ƙasar Ingila a ƙa'ida ta sarki ce, manyan masu filaye a hannunsa suke riƙe da ita, to in ɗayansu ya mutu sai sarki ya tura jami'insa ya tara mutanen yankin ya rantsar da su, su faɗi wane fili mamacin ke riƙe da shi, a hannun wa, nawa yake kawowa a shekara, yaushe ya rasu, waye magajinsa kuma shekararsa nawa. Ba don son tarihi sarki ke yi ba, don kuɗi ne, in magajin namiji bai kai 21 ba sarki ne zai ci amfanin filin har ya girma, ya kuma sayar da damar aurar da shi. An yi ta wannan bincike tun zamanin Henry na uku a ƙarni na 13 har zuwa ƙarni na 17. Har da shaidar cikar shekaru suna yi, inda dattawa ke rantsuwa cewa sun tuna ranar da aka yi wa yaron wankan coci saboda a ranar ne ɗayansu ya faɗo daga doki ya karye, ko aka haifa masa 'ya, sak yadda tsofaffinmu ke lissafi da shekarar fari ko shekarar da aka naɗa sarki wane.

Da aka kawo min fatar, don a fatar dabba suke rubutu, hannuna har rawa yake. An ba ni wani abu mai nauyi kamar dogon carbi na danne gefenta kar ta naɗe. Gaskiya in faɗa muku, ban karanta ko layi ɗaya cikakke ba, Latin ne kuma duk kalmomin a gajarce, an yanke ƙarshensu an sa ɗan ƙugiya a sama. Abin da ya cece ni shi ne an riga an taƙaita waɗannan takardu da Turanci a jerin littattafai da aka buga, wasu ma suna intanet a shafin British History Online, to sai na ajiye taƙaitawar a gefe ina bin fatar da ido har na gano sunan Thomas da na Elizabeth da na James da kaina. Ranar na dawo gida ƙarfe sha ɗaya na dare na ɗauki biro.

Tsakanin 1417 da 1243 kuwa ba rashin takarda ne matsalar ba, suna ne. Mutanen nan kamar sun yi rantsuwa ba za su raɗa wani suna ba sai Thomas da Maurice. Thomas ya rasu 1417, ubansa Maurice 1368, shi ne aka ji wa rauni aka kama a yaƙin Poitiers na 1356, ubansa Thomas 1361, ubansa Maurice 1326 a tsare a Wallingford, ubansa Thomas 1321, wanda aka fara kira majalisa a 1295 kuma aka kama shi a yaƙin Bannockburn a 1314, ubansa Maurice 1281, ubansa Thomas 1243. Mu in aka sa wa yaro sunan kaka sai a sakaya a ce Abba ko Baffa, su ko a jikinsu. Ƙari a kan haka takardun ba sa rubuta shekara irin tamu, sai dai su ce shekara ta 35 ta sarautar Edward na uku, kai za ka je ka lissafa ka gane 1361 ake nufi, kuma kowane sarki daga ranar da ya hau ake fara ƙirga masa. Na liƙa jadawalin shekarun sarakuna a bangon falo, maman yara ta ce gidan ya koma ofishin alƙali. Thomas ɗin 1361 shi ne mai gidan lokacin da aka tsare Sarki Edward na biyu a Berkeley bayan an tuɓe shi, ya mutu a can ranar 21 ga Satumba 1327, aka binne shi a Gloucester. Ɗakin da ake cewa a nan aka tsare shi ma an nuna mana ranar da muka je, yara sun fi tuna shi fiye da komai.

Kafin 1243 sai ƙasa ta fara laushi. Babu binciken gado, sai naɗaɗɗun takardun baitulmalin sarki inda ake rubuta bashin da kowa ke bin sa ko ake bin sa, mafi tsufa ta 1130, sannan suka jeru ba yankewa daga wajen 1156, sai kuma takardun kyauta da na ciniki masu hatimi da jerin shaidu a ƙasa. A nan na yi wani kuskuren da sai da na yage shafi. Na ga Robert ya rasu 1220, Thomas ya gaje shi, na rubuta Thomas ɗan Robert da biro ba tare da na duba ba, don hannu ya saba. Ashe ƙanensa ne, Robert bai bar ɗa ba, dukansu 'ya'yan Maurice ne wanda ya rasu a 1190. Magaji daban, ɗa daban.

Babban ramin kuwa yana gaba. Na buɗe littafin Domesday, wato ƙidayar filaye da dukiya da William na Normandi ya sa aka yi a 1086, ana iya duba shi kyauta a intanet gari bayan gari. Na duba Berkeley na ga ƙasar sarki ce, kuma wani Roger ne ke riƙe da ita yana biyan sarki, zuriyarsa kuma Roger na Berkeley ake ce musu har jika. Na yi tsalle na ce ga kakan nan. To ba shi ba ne. A lokacin sunan dangi bai zauna ba, "de Berkeley" ba abin da yake nufi illa na Berkeley, kamar yadda a makarantunmu za ka ga yara biyu a aji ɗaya duk an rubuta musu Kano ko Funtuwa a ƙarshen suna alhali ba abin da ya haɗa su sai gari. Haka "fitz" ɗin da ke gaban sunayensu, ɗan wane kawai yake nufi. Gidaje biyu ne daban suka ɗauki sunan wuri ɗaya, na Roger ne na farko, na biyun kuma shi ne na Robert ɗan Harding.

Shi Robert ɗin nan attajirin Bristol ne, mai kuɗi da filaye da gidaje a gari, shi ya kafa gidan zuhudun St Augustine a 1140. Zamaninsa ya faɗo cikin yaƙin basasa tsakanin Sarki Stephen da Matilda 'yar Henry na ɗaya, Bristol kuwa ita ce cibiyar ɓangaren Matilda, to Robert ya buɗe wa ɗanta Henry jakarsa tun yana neman sarauta. Wajen 1153, tun Henry bai hau ba, ya saka masa da Berkeley, aka karɓe daga hannun Roger na uku wanda ɓangaren Henry ba su ga goyon bayansa ba, aka kuma ba shi damar gina ganuwar dutsen da muka shiga ranar Lahadin nan. A 1154 Henry ya zama Sarki Henry na biyu ya tabbatar masa. Don kar gaba ta ɗore sai aka yi abin da mu ma mun sani, auren sulhu, kuma har biyu, Maurice ɗan Robert ya auri Alice 'yar Roger, ɗan Roger ya auri 'yar Robert, aka bar wa gidan Roger garin Dursley. Shi ya sa Smyth ya kira Maurice Mai Sulhu, kuma daga shi ne suka fara amsa sunan Berkeley. Ke nan Roger ɗin Domesday kakansu ne, amma ta wajen uwa. Robert a ƙarshen rayuwarsa ya shiga gidan zuhudun da ya gina ya rasu a can a watan Fabrairu, wasu su rubuta 1170 wasu 1171, yanzu kun san dalili.

Kun tuna William Ɓarnatau da aka ce ya hana ƙanensa gado don ya auri 'yar attajirin Bristol? To gidan gaba ɗaya attajirin Bristol ne ya kafa shi da kuɗin da ya zuba wa mai neman sarauta. Shekara 300 ta isa a manta, har a sassaƙa sarkin Denmak a ƙofa.

Saura Harding. Cewa shi ne uban Robert ba gardama, sunan Robert ɗin kansa ya faɗa, kuma haka yake a takardun zamaninsa. Tambayar ita ce shi Harding ɗan waye. A Domesday akwai wani Harding ɗan Alnod da ke riƙe da Merriott a Somerset, yana cikin 'yan ƙasar ƙalilan da suka tsira da ɗan fili bayan mutanen Normandi sun rabe kusan komai. Na sha wahalar nemansa don marubutan Normandi sun murɗe sunayen Ingilishi yadda kunnensu ya ji, Alnod ɗin nan shi ne Eadnoth, babban bafade a zamanin Sarki Edward kafin 1066, mai muƙamin da sunansa ke da alaƙa da barga, ni dai a littafina Shamaki na rubuta masa. Ya yi wa Edward aiki, ya yi wa Sarki Harold da ya gaje shi, da William na Normandi ya ci ƙasar ya bi shi, har aka kashe shi a 1068 a Somerset yana tare 'ya'yan Harold da suka kawo hari daga Ireland. Duk da haka yawancin filayensa ba ɗansa aka ba ba, Hugh mai sarautar Chester aka ba. Wani marubucin tarihi ɗan zuhudu, William na Malmesbury, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 12, ya ambaci Eadnoth ya ce ɗansa Harding yana raye a lokacin, kuma ya siffanta shi da mutumin da ya fi iya wasa harshe a shari'a fiye da ɗaukar makami. Da na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai a laburare, na ce lallai jinin ne, mutanen da za su yi shari'ar shekara 200.

Amma dariya ba shaida ba ce. Abin da ke ɗaure Harding na Merriott da Harding uban Robert shi ne Merriott ɗin ya gangara hannun wani Nicholas ɗan Harding, wanda zuriyarsa suka ɗauki sunan garin, shi kuma Robert yana da ɗan'uwa Nicholas, ga zamani ya dace, ga Somerset da Bristol maƙwabta ne. A kan wannan ne masana da yawa suka tsaya cewa mutum ɗaya ne, shi ya sa ake lissafa Berkeley cikin gidaje ƙalilan na Ingila da salsalarsu ta wajen uba ta tsallaka 1066. Hujja ce mai ƙarfi, ta fi ta sarkin Denmak nesa ba kusa ba, sai dai haɗa ta aka yi daga gutsattsarin shaidu, ba irin takardar Kew ba ce da mutanen gari suka rantse suka ce wane ɗan wane ne. Na koma wurin dattijon da littafina na ce masa, "Baba, wannan na ƙarshen biro ko fensir?" Ya ce littafinka ne. Na juya biron a hannu na ɗan lokaci, sannan na rubuta Harding ɗan Eadnoth da fensir, na danna shi sosai yadda zai fito.

Wata takwas abin ya ci min. Da na nuna wa maman yara shafin ƙarshe ta duba ta ce to madalla, saura naka. Daren nan na kira Baffana a gida, bayan mun gaisa na tambayi jiki da mutanen gida na ce, "Baffa, don Allah a lissafa min kakanninmu." Ya gyara murya ya fara, ina rubutawa, ya jero bakwai ba ko tsayawa, har da garin da kowanne ya zauna da inda aka binne shi da gonar da ya bari. Da ya zo na takwas sai ya ce shi wannan daga gabas ya zo. Na ce Baffa a ɗan dakata min, na ajiye biron na laluɓo fensir.